Ɗamara mai shafi a rumfunan dukawan Arlit

Yuraniyom ne ya kafa Arlit a 1969, lokacin da kamfanin SOMAIR ya zo haƙa. COMINAK ta biyo baya a Akokan, ta fara fitar da ma'adini a 1978. Yawancin waɗanda ka gani a garin daga wani wuri iyayensu suka taso: Buzayen Abzin, Hausawan Adar da Gobir da Damagaram, Zabarmawa, Tubawa. Kowa kuma ya zo da sana'ar gidansu, shi ya sa dukanci iri biyu ya haɗu a kasuwa ɗaya. A wajen Hausawa baduku namiji ne mai zaman rumfa. A wajen Buzaye kuwa aikin fata na matan maƙera ne: miji yana bugun azurfa da takobi, matar tana ɗinka zabira da alabe da kayan adon raƙumi.

Wandon gargajiya mazagi yake so, takobi kuma hamila. Bel mai ƙarfe a ka ya samu gindin zama ne tare da wandon ma'aikata, kuma garin da mutane da yawa ke jiran albashin kamfani bai rasa masu nemansa ba. Dukawa suka karɓe shi, suka yi masa irin aikin da suka saba yi wa kube da guru, wato fata biyu a haɗe, fuska a waje, shafi a ciki.

Fuskar ƙirgi ce, fatar sa da ta sha jima da bagaruwa. Gwani daga gadon baya yake yanko ta, domin fatar ciki saki take yi, wata biyu sai ka ga bel ya yi tsawo ya karkace. Shafin kuma fatar akuya ce mai laushi, kuma an fi yabon ta jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda tun zamanin ayari Turawa ke saye a hannun Larabawa suna kiranta fatar Maroko. Daga kudu take hawowa, ta bi hanyar Tawa zuwa Agadas, ta ƙarasa Arlit a kan titin da aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom.

Idan mai saye ya zo, baduku ba ya tambayar lambar wando. Igiya yake zagaya masa a ƙugu, ya ƙulla, ya ƙara ɗan taƙi. Sai ya shimfiɗa ƙirgin a kan katako, ya ja wuƙa sau ɗaya ba tsayawa. Ya kankare bayanta, ya feƙe gefe da gefe da wurin da za a naɗe ƙarfe, don kada ya yi tudu. Shafin yakan yanke shi da ɗan faɗi fiye da fuskar, sai an gama ɗinki a datse rarar. Wurin manna su nake ganin ake gane hannu: baduku yana shafa gam, ya lanƙwasa fatun a kan gwiwarsa kamar suna ƙugun mutum, sannan ya haɗa. Wanda ya manna su a miƙe, ranar farko da aka ɗaura shafin zai tattare ya yi ƙunci. Daga nan sai bubbugawa da guduma, sai huda da basilla, sai ɗinki da allura biyu masu ratsa rami ɗaya, zaren an goga masa kakin zuma. Ko zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Ɗinkin keke ba shi da wannan, da zare ɗaya ya tsinke sai ya fara warwarewa.

Rinin ma na gado ne, ko da yake na gwangwani ya yi yawa yanzu. Ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, kore daga garin tagulla. Hausawa sun fi son ja da baƙi shiru-shiru. Matan Buzaye su ne ke ɗora kore mai haske da yankan zane ƙanana a kan fuskar, har mutum ya ji nauyin ɓoye ta a ƙarƙashin riga.

Shafi ba don ado ake sa shi ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40, gumi yana cin fata mai ɓari ɗaya, iska ta busar da ita ta tsattsage, rini kuma ya zuba a farar riga. Shafi ne ke shanye gumin, ya hana ƙirgin miƙewa. Tsakanin fatun biyu kuma akwai wurin ajiya. Wani zai zo da laya daga wurin malami ya ce a ɗinke ta ciki, wani matafiyin Asamaka ya roƙi a bar masa ɗan aljihu na naɗaɗɗun kuɗi. Baduku ba ya tambayar abin da ke cikin takardar.

Ƙarfen kai ko dai a cire daga tsohon bel, ko a kai wa maƙeri ya zuba. Nan akwai abin lura, domin masu binciken CRIIRAD a 2003 da na Greenpeace a 2009 sun tarar da tarkacen ƙarfen ma'adinai mai gubar yuraniyom a kasuwannin garin. Abin da za a ɗaura a cibiya yini guda ya kamata a san inda aka tsinto shi.

Ciniki kuwa sai an ja. Mai saye ya ce, "Malam, na Sin ma rabin wannan kuɗi ne." Baduku ya ce, "Albarka, Alhaji. Juya cikinsa ka gani." Alhaji ya juya, ya bi ɗinkin da farce, ya shinshina, ya ƙara dala kaɗan.

Tun da COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021 masu albashi sun ragu, gwanjo da bel ɗin roba sun cika tebura. Masu haƙar zinariya a Cibarakaten, da suka fara tururuwa tun 2014, suna cikin masu ratsa garin da kuɗi a hannu, kuma su abin da zai jure duwatsu suke nema. Ga kuma gyara: tsohon ma'aikaci ya kawo bel ɗinsa na zamanin aiki, a farke ɗinkin, a sa sabon shafi, a ƙara huda biyu ta ciki saboda ƙugu ya ragu.