Alƙalamin Matan Birnin Kano a Fagen Neman 'Yanci

A wannan takarda za mu duba yadda matan cikin birnin Kano suka mai da ƙagaggen labari hanyar bayyana matsayinsu da matsalolinsu. Irin wannan yunƙuri ba a Kano kaɗai aka yi shi ba. A Amurka, mata 'yan asalin Meziko, waɗanda ake kira Chicana, sun yi amfani da zane. Alal misali, daga 1976 Judy Baca ta jagoranci matasa suka zana tarihin al'ummomin da aka danne a jikin wani bango mai tsawon kusan rabin mil a Los Anjalas. Matar da ke cikin kulle a birnin Kano ba ta da halin tsayawa a titi ta yi zane, amma littafinta yana iya fita zaure ya shiga gidajen da ita ba za ta taka ba.

Hafsatu Abdulwahid, wadda aka haifa a unguwar Ƙofar Mata a 1952, ita ce ta buɗe wannan fage da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Jigonsa shi ne 'yancin budurwa Bafulatana ta zaɓi miji ko da ba daga ƙabilarta yake ba.

Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda ta soki auren dole da hana 'ya mace ilmi. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa ta nuna halin da Rabi ta shiga bayan mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara.

Abin lura shi ne, waɗannan marubuta ba daga waje suka aro hujjarsu ba. Da haƙƙoƙin da Musulunci ya ba mace suka ƙalubalanci al'ada. Duk da haka sun sha suka, har a 2007 gwamnatin Jihar Kano ta sa aka ƙone wasu littattafan soyayya a bainar jama'a.

Saboda haka muna ganin bai kamata manazarta su raina wannan adabi da sunan “adabin kasuwar Kano” ba, domin mai neman tarihin zaman aure a birni daga bakin matan kansu, a nan zai same shi.