Ƙarya a Ciniki da Tashin Alkawari: Ga Abin da Doka Ta Ce

Daga Wakilinmu na Arewa

Yawancin 'yan'uwanmu masu neman abinci a Kudu, 'yan goro na Shagamu da Sabon Badun, da masu shanu na Ikko, da baki suke ƙulla ciniki, dillali ya zama shaida. Ran da rigima ta kai gaban majistare kuwa, sai a tarar dokar ciniki ta Ingila ake bi, wadda Nijeriya ta gada. Akwai abu biyu a cikinta da ya kamata kowane falke ya sani.

Na farko shi ne ƙarya kafin ciniki. In mai mota ya ce maka injinta sabo ne, ka saya saboda wannan magana, daga baya ka tarar tsoho ne, kana da ikon warware cinikin, ka mayar masa da motarsa ka karɓi kuɗinka. In da gangan ya yi ƙaryar, har diyya zai biya. Amma fa wanda ya ce goronsa ya fi na kowa daɗi, kirarin kasuwa ya yi, kotu ba ta kama shi.

Jinkiri kuma yana kashe hakki. A 1944 wani Bature, Leaf, ya sayi zane fam 85 bisa cewa aikin shahararren mai zane ne, Constable. Sai bayan shekara biyar ya gane ba haka ba ne. A 1950 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce ya makara. To, mai goro, wanda hajarsa ba ta jira, shi ya fi kowa bukatar hanzari.

Na biyu shi ne mutum ya faɗa tun kafin ranar alkawari cewa ba zai cika ba. A 1852 De La Tour ya ɗauki Hochster aikin rakiya, zai fara ran 1 ga Yuni. Ran 11 ga Mayu ya rubuta masa cewa ya fasa. Hochster ya kai ƙara ran 22 ga Mayu, tun ranar aiki ba ta zo ba, kotu kuwa ta ba shi gaskiya a 1853.

Watau in ka ba manomi kafin alƙalami na kwando 50 na goro, ya aiko maka tun da sauran mako biyu cewa ya sayar wa wani, ba sai ka jira ba. Nemi goro a wani wuri nan da nan, don doka ba ta yarda ka naɗe hannu hasara tana ƙaruwa ba. Sa'an nan ka bi shi kuɗinka da kuma bambancin farashi.

Kana iya ƙin yarda da fasawar, ka jira ranar, amma akwai haɗari. A 1854 aka gaya wa wani kyaftin a tashar Odessa, wadda a lokacin take ƙarƙashin ƙasar Rasha, cewa babu kayan da za a loda masa. Ya ƙi tashi, yana jira, har yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Rasha. Yarjejeniya ta mutu, mai jirgi bai sami ko anini ba.

Saboda haka, jama'a, duk cinikin da ba na hannu da hannu ba, a rubuta rana da yawan kaya da farashi, shaidu biyu su sa hannu. Abin da mai kaya ya faɗa game da kayansa shi ma a rubuta. In ya aiko da saƙon fasawa, a adana shi, a tafi da shi wurin lauya tun da wuri.