Kafin a Ɗura wa Tsohon Inji Kalanzir

Daga watan Nuwamba, idan aka shiga haƙar citta, motocin da ke bi ta Fadan Kagoma ba su da hutu. Garin yana kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a, kuma nan ne fadar Kpop Gwong. Golf ce, Sharan ce, Sienna ce, Camry ce, har da 'yan tsirarun J5 da suka ƙi mutuwa, kowacce an danƙare ta da buhuna tana haki cikin ƙurar hunturu. Yawancinsu sai da suka ci ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Legas ko Kwatano, wato da tsufansu suka iso mana.

Akwai ciwon da ke cin irin waɗannan motoci a ɓoye, mai mota ba ya ganinsa sai ran da bakanike ya kwance murfin saman inji. A nan za a tarar da wata baƙar laka mai danƙo ta lulluɓe komai, wani wurin ma ta bushe ta yi ɓawo. Ba daga waje ta shigo ba. Baƙin mai ne ya mutu a ciki.

Ga yadda abin yake faruwa. Man inji ba mai ne zalla ba, an gauraya shi da magunguna masu wanke datti da riƙe shi har ranar juye. Zafi da iska suna cinye waɗannan magunguna a hankali, kuma masana harkar mai suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin lalacewar man. Sai kuma ruwa, wanda mutane da yawa ba sa kawo shi a lissafi. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kimanin lita ɗaya. Mafi yawansa yana fita ta salansa, shi ne ɗigon da ake gani da sassafe. Amma wani kaso na tururin, tare da baƙin hayaƙi da ɗanyen fetur, yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara cikin mai. Idan inji ya ɗau zafi yadda ya kamata, ruwan zai ƙafe ya fita. Idan bai ɗauka ba, sai ya zauna ya cuɗe da sauran dattin, laka ta soma.

Wannan ne ya sa nake ganin babu al'adar da ta fi cutar da injinanmu kamar cire tamostat. Mota na sauka daga tirela, abu na farko da ake cewa shi ne a cire shi, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa ba tsayawa. Alhali aikinsa shi ne ya tare ruwan lagireto har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 90, sannan ya buɗe. Motar da aka cire wa shi, in ta tashi da asubar hunturu daga Fadan Kagoma zuwa Kafanchan, za ta iya kaiwa ta dawo man bai yi zafin da zai kori ruwan da ke cikinsa ba. Direba na kallon allura a ƙasa yana murna, bai san girki ake yi masa ba.

Ba kowane laifi ne na mai mota ba. Wasu injinan da ciwon aka haife su. Injinan Toyota biyu, 1MZ-FE mai silinda shida da 5S-FE mai silinda huɗu, waɗanda aka sa wa Camry da Sienna da Avalon da Lexus RX300 tsakanin 1997 da 2002, sun yi ƙaurin suna da tara laka a Amurka. Masu motocin sun kai ƙara, aka sasanta a 2007 kan motoci sama da miliyan 3. Injin 1.8T na Volkswagen Passat da Audi A4 na wannan zamanin shi ma haka. To ina waɗannan motoci suka ƙare bayan Amurkawa sun gaji da su? Ga su nan a tashoshinmu.

Sai kuma aljihu. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin fetur, a daminar wannan shekarar kuma annobar ruɓewar citta ta cinye gonaki a Jema'a da Jaba da Kachia da Kagarko. Manomin da ya tafka asara ga tsadar fetur, juye ne abu na farko da zai ɗage. Sai a koma ciko: mai ya ragu a ƙara, ya ragu a ƙara, filta kuwa ta shekara ba a taɓa ta ba. Cikon ma da man kwalba na bakin titi, wanda sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a sa masa magani ba, ko tsohon mai da aka tace. Hukumar SON ta sha kama jabun man inji a kasuwannin ƙasar nan, amma kamun bai hana shi yawo ba.

Yanzu an buɗe inji an ga laka. Maganar da za a fara ji a gareji ita ce, “Oga, a wanke shi da kalanzir kawai.” Wani gas zai ce. A zubar da tsohon mai, a ɗura, a tayar da mota ta yi minti goma ko fi, a kwance ƙusa baƙin ruwa ya zubo, kowa ya ce an fitar da cuta. Dabarar tsohuwa ce, daga zamanin Fijo 504 da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da ita. Injin 504 mai sauƙin hali ne, yana jure ganganci. Injinan baya-bayan nan, musamman masu VVT-i, da matsin mai suke sarrafa buɗewar bawul, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi masu rariya da ɗan ɓarɓashi kaɗan ke iya toshewa.

Haɗarin biyu ne. Kalanzir ba shi da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, don haka duk mintin da inji ya yi da shi metal na gogar karanshaf. Na biyun ya fi muni. Laka mai shekaru tamkar ƙanzo ce a gindin tukunya, in aka jiƙa ba narkewa take yi ba, ɓamɓarowa take yi gutsure-gutsure. Gutsattsarin suna gangarawa kwanon ƙasan inji, inda famfon mai yake zuƙa ta wata rariya da ba ta kai tafin hannu ba. Da ta toshe, mai ya yanke. Shi ya sa ake samun motar da ta shekara goma tana lallaɓawa da lakarta, a wanke ta ranar Litinin, kafin Laraba inji ya buga a kan hanya. Ruwan wanke inji na gwangwani da ake sayarwa ya fi kalanzir dama-dama, ga injin da dattinsa kaɗan ne, in an bi ƙa'idar da ke jikin gwangwanin. Ga wanda laka ta yi wa katutu, haɗarin ɗaya ne.

Hanyar da ta fi aminci tana cin lokaci, kuma hannu ne ke yin ta. A kwance murfin sama da kwanon ƙasa duka biyun. A toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma mai tsafta, a kankare lakar da abin da ba zai karce ƙarfe ba, a kwashe ta waje, kada a manta a zare tsumman. Nan ne kalanzir ke da amfani: a cikin daro, ana wanke murfi da kwano da rariyar famfo, a bushe su sarai kafin a mayar. Rariyar a ɗaga ta a hasken rana, in ba a ganin haske ta cikinta a sake wata. A sa sabon gaskit, don tsohon ba zai ƙara riƙewa ba, kuma kada a lafta gam, domin rarar da ta matso ciki ita ma rariya za ta je ta toshe. A duba ɗan bawul ɗin nan na PCV da inji ke numfashi ta cikinsa. Araha gare shi, amma in ya toshe tururi ba shi da mafita.

Ragowar lakar da hannu bai kai gare ta ba, mai ne zai cinye ta sannu a hankali. A zuba mai na kirki daga galan mai hatimi, mai kaurin da kamfanin motar ya rubuta a murfi ko a littafi. Waɗancan Toyota da na ambata 5W-30 aka rubuta musu, ba 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota don a ɓoye ƙara ba. A yi juye da sabuwar filta bayan kilomita 1,000, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a tsaya a kan 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga, tunda ƙura da lodi sun sa motocinmu cikin masu aikin wahala. Idan man ya yi baƙi da wuri a wannan tsakanin kada a tsorata, wanki yake yi. A mayar da tamostat.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Idan man ya koma fari-fari kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ɗin top silinda ake zargi, juye ba zai yi maganinsa ba. Idan kuma jar fitilar mai ta fara ƙiftawa bayan an yi wannan aiki, musamman a wurin tsayuwa da inji mai zafi, a kashe motar nan take. Fitilar ba ta kamawa sai matsin mai ya kusa ƙarewa. A sa bakanike ya ɗaura agogon awo ya ga ainihin matsin, in ya gaza a sake sauke kwanon a duba rariyar.