Kafin a fesa fenti a bambar mota: jan hankali ga masu koyon sana'a



A 'yan watannin nan matasa biyu sun zo ofishin kariya da ƙorafi iri ɗaya. Dukansu suna koyon fentin mota a gareji a Mokolo. An ba kowannensu bamba ya yi mata fenti, aiki ya fita sumul, mai mota ya biya ya tafi. Kafin wata ya zagayo fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Mai mota ya dawo da faɗa, maigida kuma ya ce yaro ne zai biya kuɗin kayan da aka ɓata. Mun shiga tsakani an sasanta. Da muka zauna da masu koyar da sana'ar, sai suka nuna mana cewa laifin ba na fentin ba ne, ba na hannun yaran ba ne. Sun yi wa roba irin shirin da ake yi wa ƙarfe. Don kada wani ya sake faɗawa cikin wannan asara, ga bayanin yadda abin yake.

Dalilin da ya sa fenti ke ƙin roba

Bambar yawancin motocin yanzu roba ce, haka murfin madubi da wasu sassan gefe. Robar da aka fi yin bamba da ita sunanta folifurofilin, kuma fuskarta tana da santsi irin na kakin zuma. Ruwa ba ya kwanciya a kanta, fenti ma haka. Ban da wannan, a masana'anta ana amfani da wani maiƙo don robar ta fita daga mazubi ba tare da ta manne ba, kuma maiƙon yana nan jikin sabuwar bamba ko da ido bai gan shi ba. Sannan roba tana lanƙwasa, tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe. Duk abin da aka shafa mata mai tauri, tsagewa zai yi.

Da farko a gane irin robar

A juya bamba a duba bayanta. Akwai haruffa da aka buga tsakanin alamomi biyu, kamar >PP< ko >PP+EPDM< ko >ABS< ko >PUR<. Duk inda aka ga PP, to ita ce mai ƙin fenti, dole sai an fesa mata ruwan kama fenti, wanda wasu ke kira faraimar roba. ABS ta fi karɓar fenti, amma tina mai ƙarfi tana narkar da fuskarta. Idan haruffan sun goge, a yanki ɗan siririn yanki daga ciki a jefa a kofin ruwa. PP galibi tana tasowa sama, ABS tana nutsewa.

Wasu sababbin bamba suna zuwa da faraima tun daga masana'anta. A jiƙa tsumma da ɗan tina a goga a wani lungu. Idan faraimar ta biyo tsumma, ba abin dogaro ba ce, a cire ta duka. Idan ta tsaya, a goge ta sama-sama a ci gaba.

Wanki kafin samfefa

Nan ne yawancin masu koyo suke kuskure: suna ɗaukar samfefa tun kafin su taɓa ruwa. Samfefa ba ta cire maiƙo, cusa shi take yi cikin robar. A fara wanke bamba ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a shiga kowane lungu da saƙo, a ɗauraye sosai. Daga nan a watsa ruwa mai tsabta a duba. Idan ruwan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo, a sake wanki. Idan ya kwanta shimfiɗe, an kusa.

Sabuwar bamba tana son ɗan zafi, don maiƙon da ke ciki ya fito fili. Manyan gareji suna sa ta a ɗakin zafi kamar digiri 60 na rabin awa ko fiye. Wanda ba shi da wannan ɗaki yana iya shanya ta a rana, a ɗora ta a kan abin da zai riƙe ta kada ta lanƙwashe, sannan a sake wankewa. Bayan ta bushe a goge ta da ruwan goge roba na musamman. Kada a yi amfani da fetur ko kananzir, domin suna barin nasu maiƙon. Tsohuwar bambar da aka saba shafa wa man ƙyalli tana bukatar wanki fiye da sau ɗaya, in ba haka ba fenti zai fito da 'yan ramuka.

Gogewa a hankali

Lambar da ke bayan samfefa ita ce ke nuna kaushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. Sabuwar robar da ba ta da rauni, soson gogewa mai launin toka ya ishe ta, har sai ƙyallin ya mutu ko'ina. Inda ake gyaran karce ko tsohon fenti, a fara da lamba 180, a bi da 320 ko 400. Samfefa mai kaushi sosai tana tayar wa PP da gashi-gashi wanda zai fito ta cikin fenti. Idan da inji ake aiki a rage gudu, don zafi yana narkar da robar. Wurin da ya lotsa a cike shi da mastik na roba mai lanƙwasa. Mastik na ƙarfe zai tsage da zarar bamba ta motsa.

Bayan gogewa a sake wankewa, a bari ta bushe sarai. A lura da ƙura. Kun san yadda biro ke ɗaukar 'yan gutsattsarin takarda idan an goga shi a gashi. Haka bamba take jan ƙura idan an goge ta da busasshen tsumma, musamman lokacin hunturu. A yi goge na ƙarshe da tsumma mai ɗan laima, a yayyafa ruwa a ƙasan wurin aiki, kuma daga nan kada a ƙara taɓa fuskar da hannu tsirara.

Ruwan kama fenti da faraima

Ruwan kama fenti siririn shafi ake yi, ba a tula shi. A bar shi ya sha iska na 'yan mintoci kamar yadda aka rubuta a gwangwani, sannan a fesa faraima kafin lokacin da aka ƙayyade ya wuce. Idan aka bar lokacin ya wuce, aikin na iya ɓaci. Faraimar ta zama wadda aka yi don roba, ko a haɗa mata sinadarin da ke sa ta lanƙwasa. Idan ta bushe a goge da lamba 500 ko 600 kafin fentin kala.

Wanda bai saba da kayan ba ya fara gwadawa a kan tsohuwar bamba. Bayan ta bushe sosai ya tsaga layuka gicciye da reza, ya manna salatif, ya fizge. Idan fenti ya biyo salatif, gara ya gani a nan da mai mota ya gani.

Lafiyarku ta fi bamba

Tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya kai ga murhu. Kada a kawo tina ko fenti cikin matsuguni, kada a zuba su a gorar ruwa inda yaro zai ɗauka ya sha. Fentin da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa yana iya jawo asma da ba ta warkewa. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare shi. A yi aiki a inda iska ke wucewa, da safar hannu da takunkumin da aka yi don fesa fenti. Wanda ya fara tari ko jin ƙirji na matse shi bayan aiki ya je asibitin sansani, ya faɗa musu irin aikin da yake yi.

Iyaye su sani cewa yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1999, ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari ga lafiyarsa. Ƙaramin yaro yana iya koyon wanki da gane roba, amma fesawa ta manya ce.

Duk mai koyon sana'a da aka hana shi kayan kariya, ko aka ɗora masa bashin aikin da ba a koya masa ba, ya zo ofishin kariya. Akwai mai fassara, kuma maganarsa tana nan tsakaninmu. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu. Allah ya sa albarka a sana'a.