Jos da jarumanta masu wasa da Hausa da Turanci: abubuwa bakwai masu ban mamaki

Haƙar kuza ce ta tara jama'a a Jos tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Birom da Afizere da Anaguta suna ƙasarsu, Hausawa da Ibo da Yarabawa suka zo neman abinci suka zauna. Yaron da ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo yana ciniki da Hausa a kasuwar Taminus, yana karatu da Turanci a makaranta. Wannan tarbiyya ce ta ba garin jaruman da ke fitowa a finafinan Kano da na Legas ba tare da harshensu ya sarƙe ba. Ga kaɗan daga abubuwan da ba kowa ya sani ba.

1. Gwamna a shirin Hausa, attajiri a fim ɗin Turanci. Sani Mu'azu ɗan Jos ne, kuma a garin ya kafa kamfaninsa na Lenscope Media. Masu kallon Arewa24 sun san shi da Gwamna Bawa Maikada a shirin Kwana Casa'in. Masu kallon Netflix kuwa sun san shi da Alhaji Danladi Maikano a fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda ya fito a 2018. Ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN.

2. Fim ɗin da Turanci ya ja wa asara. A 2019 Najeriya ta tura Lionheart gasar Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje, amma masu gasar suka cire shi saboda Turanci ya rinjayi harsunan gida a cikinsa. Ashe harshen uwa shi ne kuɗin shiga wannan fage.

3. Mawaƙin bayan fage da ya fito fili. Yakubu Muhammad, wanda ya fito a matsayin Hamza, ɗan Alhaji Maikano a wannan fim, ya karanta aikin jarida a Jami'ar Jos. Kafin a san fuskarsa an daɗe da sanin muryarsa, domin shi da Sani Danja sun rera waƙoƙin finafinai masu yawa. Shi ke waƙa a situdiyo, wani jarumin ke motsa baki a gaban kyamara.

4. Bitrus na gidan talabijin. A farkon shekarun 1980 tashar NTA ta shirya wasan Cock Crow at Dawn a Jos da kewayenta don jawo hankalin mutane ga noma. A nan Sadiq Daba ya yi suna da Bitrus. Asalinsa ɗan Kano ne, ya tashi a Saliyo, ya yi shekaru yana gabatar da shirye-shirye da muryar da ba a mantawa da ita. A 2015 ya lashe kambun gwarzon jarumi na gasar AMAA da rawar Sufeto Danladi Waziri a fim ɗin October 1. Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 2021.

5. Ɗalibi ya dawo shugaba. Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Fim ɗin Turanci mai suna Sitanda ya ba shi kambun AMAA a 2007, alhali tuni ya zama sarki a Kannywood. A watan Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta kuma a Jos take.

6. James Bond ya taka ƙasar Toro. Fim ɗin Mister Johnson na 1990 a Toro aka ɗauke shi, kusa da Jos. Pierce Brosnan ya fito a ciki shekara biyar kafin duniya ta gan shi a matsayin James Bond.

7. Aikin da ba a ganin mai shi. Mai ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya yana tsaye a ƙaramin ɗaki da aka toshe ƙofofinsa, abin ji a kunne, makirfo a gaban baki, ido a kan leɓen jarumin Indiya. Idan jarumin ya rufe baki a daƙiƙa uku, dole Hausar ta ƙare a daƙiƙa uku, da kukanta da dariyarta. Wani lokaci mutum ɗaya ne tsoho, shi ne yaro, shi ne mugun. Da irin wannan aiki kamfanin Algaita na Kano ya shiga gidajen Hausawa, amma masu kallo kaɗan ne suka san fuskokin masu muryar.

Jos tana da Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa tun 1995, tana da Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield. Matashin da Allah ya hore wa murya da harsuna biyu kada ya raina su. Ya gyara Hausarsa kamar yadda yake gyara Turancinsa, ya nemi horo. Masu shirya finafinai kuma su riƙa rubuta sunan mai murya a jerin ma'aikata, su biya shi haƙƙinsa cikakke.