Gaskiya ko Jita-jita: Me Ke Tare Wa Amfanin Gonarmu Hanyar Kasuwannin Waje?

Duk wanda ya zauna a rumfunan Dawanau ko kasuwar Maigatari ya san hirar da ake yi idan kaya suka yi kwantai. Wani ya ce Turawa ne ba sa son mu, wani ya ce kwastan ne, wani kuma ya ce da an rufe iyaka da kowa ya huta. Bari mu auna biyar daga cikin waɗannan maganganu da abin da ya faru a zahiri.

"Ƙiyayya ce ta sa Turai ta hana waken Najeriya shiga."

Jita-jita ce. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya, saboda an yi ta samun sinadarin dikilobos a jikinsa, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, sai ga shi an tarar da wanda ya kai 4.6. An tsawaita haramcin a 2016, aka sake tsawaita shi a 2019. Matsalar a sito take farawa. Mai ajiya yana tsoron ƙwaro ya huda masa wake, sai ya zuba magani kai tsaye cikin buhu ya ɗinke. Alhali akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa ne muke yin ƙosai da alale da shi a gida.

"Kuɗin fito ne babban shinge."

Akwai ƙanshin gaskiya, amma ba shi ne babba ba. A ƙarƙashin tsarin sassauta ciniki na ECOWAS, ɗanyen amfanin gona da dabbobi suna ƙetare iyakar ƙasashen ƙungiyar ba tare da kuɗin fito ba. Hanya ce ke cinye ribar. Tirelar da ta ɗauko riɗi daga Kano zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa tana shafe kusan kilomita 1,000, kuma a kowane shinge sai direba ya miƙa na goro, ban da rasit ɗin jiha da na ƙaramar hukuma. Idan kwantena ta makara a tasha, kowace rana akwai tara. Mai albasar Galmi da ya nufi Akara ya fi kowa sanin zafin jira: kwana kaɗan a rana, ƙasan buhu ya fara ruwa, ƙuda ya taru. Ɗan kasuwa kuwa ba ya ɗaukar wannan asara shi kaɗai, yana zabge ta ne daga farashin da zai ba manomi.

"Rufe iyaka gata ne ga manomi."

Ga wani manomin, gaskiya ne. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, masu noman shinkafa a Kebbi da Kano sun ga kasuwa, injinan casa suka yawaita. Sai dai ƙofar da ta hana shiga ita ce ta hana fita. Masu kai citta da barkono da sauran kaya maƙwabta sun rasa abokan ciniki, masu kawo wake da dabbobi daga Nijar suka tsaya cik, abinci kuma ya yi tsada a birane. Haka aka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sa'ad da motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya, har zuwa buɗe iyakar a Maris na 2024.

"Idan aka hana fitar da kaya, farashi zai sauka kowa ya amfana."

Farashi kan sauka, amma ba kowa ke amfana ba. A Agustan 2025 Najeriya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, domin a riƙa sarrafa shi a gida. Niyyar mai kyau ce, amma nan take farashin ya faɗi, kuma matan karkara masu tsinto shi a daji su suka fara ji a jikinsu. Mai saye na waje da aka saɓa wa alkawari yakan koma Gana ko wata ƙasa, kuma dawo da shi aiki ne.

"Idan aka kama kayan mutum, asararsa ce shi kaɗai."

Jita-jita ce. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Da aka samu ƙwaron kafra a cikin wasu kaya, sai ta rufe wa ƙasar gaba ɗaya ƙofa na tsawon shekaru, kuma ba a koma ciniki ba sai da aka amince da sharaɗin turara kayan da magani kafin lodi. Manomin Jigawa da bai taɓa ganin kwantena ba ya biya kuɗin sakacin wani.

Ba a musun cewa ƙa'idojin ƙasashen waje suna da tsauri, kuma gwajinsu na da tsada ga ƙaramin ɗan kasuwa. To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin shingayen nan namu ne, kuma muna iya kawar da su. Manomi ya busar da kaya a kan tamfol, mai ajiya ya raba hatsi da fiya-fiya, mai fitarwa ya kai samfur gwaji ya karɓi takardar hukumar NAQS mai tantance lafiyar kayan gona kafin ya yi lodi. Hukuma kuma ta rage shingayen hanya, ta riƙa ba da wa'adi kafin ta sauya doka, domin wanda ya shuka da damina bisa wani farashi yana da haƙƙin ya san abin da zai tarar da kaka.