Kafin A Ci Manomi Tara, A Kawo Masa Akwatin Zaɓe Kusa

A watan Mayu na 2025 wata magana ta taso a Majalisar Wakilai a Abuja, wadda ta shafi kowane magidanci da kowace uwargida a ƙasar Zuru. Shugaban majalisar, Tajudeen Abbas, mutumin Zariya, tare da wani wakili daga Jihar Filato, Daniel Asama Ago, suka kawo shawarar doka cewa jefa ƙuri'a ya zama dole a kan duk wanda ya isa zaɓe. Wanda bai fita ba a ci shi tara har Naira 100,000, ko kuwa a ɗaure shi wata 6. Ranar 15 ga wata aka yi wa shawarar karatu na biyu. Nan da nan ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da jama'a da yawa suka ce ba su yarda ba. Ranar 26 ga wata shugaban majalisar ya janye ta.

An janye shawarar, amma abin da ya haife ta yana nan. Saboda haka ya kamata mu manoma mu dube shi da kyau.

ME YA KAWO WANNAN SHAWARA?

Mutane suna daɗa janye jiki daga zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, wajen kashi 69 cikin ɗari na waɗanda suka yi rajista sun fita. A 2019 abin ya sauko zuwa wajen kashi 35. A 2023 kuwa kashi 27 ne kawai. Wato cikin mutum miliyan 93 da ke cikin rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba. Ka ɗauka ƙungiyarku ta gama kai tana da mutum ɗari, amma ran zaɓen shugaba da ma'aji mutum 27 suka zo. Ai kowa ya san ba lafiya.

To, amma tara ce magani? Naira 100,000 ta fi mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata, wanda aka tsayar a kan Naira 70,000 a 2024. Ga manomi kuwa, hatsin da zai ci da iyali da damina ke nan. Ina kuma gidan yarin da zai ɗauki mutum miliyan 68?

YADDA AKE YI A WATA ƘASA

Masu son dokar sukan ba da misali da Ostareliya. Gaskiya ne, tun 1924 zaɓe dole ne a can. A zaɓen 1922 waɗanda suka fita ba su kai kashi 60 ba, a 1925 suka wuce kashi 90. Amma akwai sauran labarin. Tarar dala 20 ce ta kuɗinsu, abin da ma'aikaci yake samu cikin sa'a guda, kuma wanda ya ba da hujja, kamar rashin lafiya, ba a cinsa. Wanda zai yi tafiya yana iya jefa ƙuri'arsa kwanaki kafin ranar, ko ya aika da ita ta gidan waya. Ma'aikatan zaɓe sukan ɗauki akwati su bi ƙauyukan nesa, wani wuri da mota, wani wuri da jirgin sama. Hukuma ta fara ɗora wa kanta dole kafin ta ɗora wa talaka.

ABIN DA KE HANA MU FITA A ƘASAR ZURU

Na farko, rashin zaman lafiya. A watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Iyalai da yawa sun bar gonakinsu da rumbunansu, sun koma cikin Zuru da Ribah da sauran manyan garuruwa. Ƙa'ida kuwa ita ce mutum ya yi zaɓe a rumfar da ya yi rajista. Wanda ya gudo da ransa, rumfarsa tana can ƙauyen da ya baro, katinsa wataƙila ya ƙone tare da ɗakinsa. Wannan ne za a ci tara?

Na biyu, nisa. Ran zaɓe akan hana motoci da babura zirga-zirga. Wanda ke zaune a tunga sai ya taka da ƙafa. Tsoho da mai ciki da gurgu ba za su iya ba. Daga 1996 ba a ƙara rumfunan zaɓe a ƙasar nan ba sai 2021, sa'ad da hukumar INEC ta ƙara 56,872, suka zama 176,846. Wannan ci gaba ne. Sai dai sabuwar rumfa ba ta amfani mutum ba sai sunansa ya koma cikinta.

Na uku, lokaci. Zaɓen 2023 ya faɗo a Fabrairu da Maris, tsakiyar rani, lokacin da samari suke wajen cin rani. Ga shi a wannan shekara an yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin Naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba na mota a hannu. Ƙasar Zuru kuma ta yi suna wajen ba da 'ya'yanta aikin soja da ɗan sanda. Wanda aka tura wani gari tsaron akwati, shi kansa bai sami jefa ƙuri'a ba, domin ba a shirya masa wata rana dabam ba.

Na huɗu, kati. Kafin zaɓen 2023 katin zaɓe fiye da miliyan 6 ya kwana a ofisoshin hukuma, ba a karɓa ba. Daga ƙauye zuwa ofishin INEC a Mahuta ko Dirin Daji tafiya ce mai cin kuɗi da wuni guda.

Na biyar, karayar zuciya. Wani ya ce ya yi zaɓe sau da yawa, taki bai yi araha ba, hanya ba ta gyaru ba. Wannan kuka gaskiya ne. Amma a tuna da zaɓen gwamnan Kebbi na Maris 2023. Tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu ba ta kai yawan masu kati a rumfunan da aka soke ba, sai aka ce zaɓe bai kammala ba, aka sake fita ranar 15 ga Afrilu. Daga ƙarshe Nasir Idris ya ci da ratar da ba ta kai ƙuri'a 50,000 ba. 'Yan rumfunan nan ne dukan jiha ta zauna jira. Ɗan siyasa kuwa yana da lissafi. Ya san gundumar da ke fita, ya san wadda ba ta fita, can kuma yakan fara kai rijiya da taki.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kai wajen sayen iri da taki, haka za mu iya a nan.

1. Magatakarda ya bi littafin ƙungiya suna bayan suna. Wa ke da kati? Wa ya ɓatar? Ɗan wa ya cika shekara 18?

2. Waɗanda suka yi gudun hijira su je ofishin INEC na ƙaramar hukuma su nemi a mayar da rajistarsu inda suke zaune yanzu. Akan rufe wannan aiki watanni kafin zaɓe, don haka kada a jira kaka ta wuce.

3. Shugabanni su rubuta wa hukumar takarda, ta hannun dagaci ko hakimi, su roƙi a kawo rajista da rabon kati gunduma-gunduma. Tun 2015 INEC ta fara shirya wa 'yan gudun hijira wuraren zaɓe a Borno da Yobe da Adamawa. Namu ma suna da ikon neman haka.

4. A haɗa kuɗin mota ɗaya ran kasuwa, a tafi karɓar kati tare.

5. Kada a bar mata a baya. Matan Arewa ba su sami izinin zaɓe ba sai 1976, bayan su Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kansa. Ran zaɓe a raba aikin gida da renon yara, wasu su fita da safe, wasu da hantsi.

6. Kowane tsoho da makaho da gurgu a ba shi mai rakiya. Tsarin hukuma shi ne a fara da su, da masu ciki da masu goyo.

7. Ƙungiya ba ta da jam'iyya. Ba aikinta ba ne ta faɗa wa kowa wanda zai zaɓa, kada kuma kowa ya ba da katinsa don sabulu ko atamfa. Wannan taimako na dukan maƙwabta ne, kowane addini suke bi.

'Yan'uwa, a taronku na wata mai zuwa ku sa wannan magana cikin abin da za a tattauna, kowa kuma ya zo da katinsa a gani.